Biyan Kuɗi ta Intanet a Yammacin Zamfara: Idan Banki Ya Cire, Wa Zai Shaida An Biya?

Cikin wata 17 kacal, mazauna Morai da sauran garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun sun ɗanɗana rashi iri biyu da ba kasafai ake haɗa wa al'umma ɗaya ba. A ranar 3 ga Satumban 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar da ke fama da 'yan bindiga. A lokacin akwai takardar kuɗi a aljihu, amma ba a iya tura ko sisi ta waya. A farkon 2023 kuma sai lamarin ya juya: layi ya dawo, amma canjin fasalin Naira ya kwashe takardar kuɗi daga kasuwa, manhajojin bankuna suka yi ta sanƙarewa saboda cunkoso, mai kaya da mai saye suka tsaya cirko-cirko suna jiran alat.

Duk da haka, alƙiblar da ƙasar ta fuskanta ba ta sauya ba. Gwamnatin Tarayya da jihohi na ci gaba da mayar da karɓar haraji, kuɗin makaranta da kuɗin takardu zuwa shafukan intanet, kuma dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda aka tsara fara aiki da su daga Janairun 2026, sun ƙara wa wannan tafiya ƙaimi. 'Yan kasuwa ma ba a bar su a baya ba, domin yau dillalin shinkafa da mai shagon magani duk suna neman hanyar da kwastoma zai biya daga nesa.

A tsakiyar wannan al'amari akwai wani ɗan aiki da ba a cika yin maganarsa ba, wato haɗa shafin intanet na hukuma ko na kanti da kamfanin da ke karɓar kuɗi. Aiki ne da matashi ɗaya mai kwamfuta zai iya gamawa cikin 'yan kwanaki. Amma ingancinsa ne ke yanke hukunci a kan ko kuɗin da ya fita daga asusun talaka zai zama rasit a hannunsa, ko kuwa zai zama sanadin zirga-zirga tsakanin banki da ofis.

Yadda Najeriya ta iso nan

Tushen abin shi ne Asusun Bai-ɗaya na Gwamnatin Tarayya, TSA. An fara gwada shi a 2012, sannan a Agustan 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci dukkan ma'aikatu da hukumomi su rufe asusunsu na bankunan kasuwanci, su koma zuba kuɗin shiga a Babban Bankin Najeriya, CBN, kafin 15 ga Satumba na shekarar. Manhajar Remita, wadda kamfanin SystemSpecs ya ƙera, ita ta zama hanyar wucewar kuɗin. Tun daga nan lambar RRR mai alƙaluma 12 ta shiga bakin kowane ɗalibi da ɗan kwangila.

Dalilin gwamnati ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin da ke bi ta hannun mutum yakan yi ƙafa. A 2018 ƙasar ta sha labarin ofishin hukumar JAMB na Makurɗi, inda aka ce maciji ya haɗiye Naira miliyan 36 na cinikin katin rajista. Hukumar dai ta riga ta daina sayar da irin wannan kati, kuma a 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta zuba Naira biliyan 7.8 a baitulmali, abin da ya ba kowa mamaki idan aka kwatanta da abin da take mayarwa a baya. A Arewa, Jihar Kaduna ta rungumi asusun bai-ɗaya a 2015, ta haramta wa jami'anta karɓar tsabar kuɗi, kuɗin shigarta na cikin gida ya tashi daga ƙasa da biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Ba biyan kuɗi ta na'ura kaɗai ya kawo wannan ƙari ba, amma ya toshe ɓaraka mai yawa.

A ɓangaren 'yan kasuwa kuwa, kamfanoni masu zaman kansu ne suka buɗe hanya. Interswitch, wanda Mitchell Elegbe ya kafa a 2002, shi ya fara haɗa bankuna da na'urorin cire kuɗi. A 2011 hukumar NIBSS, mallakar CBN da bankuna, ta ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack a 2015, Flutterwave ya biyo baya a 2016. Abin da waɗannan biyun suka sauƙaƙa shi ne aikin mai haɗa manhaja: maimakon watanni ana musayar takardu da banki, sai ya yi rajista, ya karɓi mabuɗi, ya bi littafin jagora. Darajar wannan sauƙi ta fito fili a Oktoban 2020, lokacin da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura Dala miliyan 200. Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa kuɗin da aka tura nan take ya tashi daga kimanin Naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa tiriliyan 600 a 2023, ya haura tiriliyan 1,000 a 2024.

Abin da ke faruwa idan an danna "Biya"

Mai biya yana ganin shafi ɗaya ne, amma a bayan fage aƙalla ɓangarori huɗu ke magana da juna: babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda masana ke kira saba, kamfanin karɓar kuɗi, NIBSS ko kamfanin kati, da bankin mai biya. Harshen da saba ke magana da kamfanin karɓar kuɗi shi ake kira API, wato jerin ƙofofi da ƙa'idojin da kamfanin ya tanadar domin manhajar wani ta ƙwanƙwasa ta yi tambaya ko ta ba da umarni.

Kamfani irin Paystack yakan ba mai haɗa manhaja mabuɗi iri biyu. Akwai na fili, wanda ba laifi ya bayyana a shafin da kowa ke gani, da na sirri, wanda dole ya zauna a saba kaɗai. Kowannensu kuma yana da na gwaji da na aiki. Da na gwaji ake wasa da katunan bogi da kamfanin ya tanadar, a ga yadda shafi zai yi idan biya ya yi nasara, ko ya faɗi, ko ya maƙale. Sai an gamsu sannan a sauya zuwa na aiki, inda kuɗin gaske ke motsi.

A ɗauki misalin ɗalibi daga Morai da zai biya Naira 50,000 kuɗin rajista a wata makaranta. Da ya danna maɓallin biya, saba ta makarantar za ta aika wa kamfanin karɓar kuɗi bayani: ga adadi, ga wanda zai biya, ga kuma lamba ta musamman da ba za a sake ba wani ciniki irinta ba. Kamfanin ya buɗe masa shafinsa, ya zaɓi kati, ko tura kuɗi zuwa wani asusu na wucin gadi, ko lambar USSD. Bankinsa ya cire kuɗi, ya sanar da kamfani. Saura mataki na ƙarshe, wanda shi ne mafi muhimmanci: makaranta ta samu labari, ta rubuta a kundinta cewa wane ya biya.

Labarin yakan zo ta hanya biyu. Ta farko, wayar ɗalibin ta koma shafin makaranta ɗauke da saƙon nasara. Ta biyu, kamfanin da kansa ya aika saƙo kai tsaye daga kwamfutarsa zuwa saba ta makaranta, ba tare da ya bi ta wayar kowa ba, kamar ɗan aike ɗauke da wasiƙa mai hatimi. Hatimin ana buga shi ne da mabuɗin sirri, don haka saba za ta iya tantance cewa ba jabu ba ne. Ƙari a kan haka, akwai ƙofar da saba za ta iya ƙwanƙwasawa da kanta ta tambaya: cinikin lamba kaza, an biya? Nawa aka biya?

Inda igiya ke tsinkewa

Mafi yawan kukan "an cire mini kuɗi amma shafi bai nuna ba" daga nan yake tasowa. Mai haɗa manhajar da ya yi gaggawa yakan dogara da hanya ta farko kaɗai. A Legas ko Abuja, inda sabis ke da ƙarfi, aibin ba ya saurin bayyana. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wayar ɗalibi na iya mutuwa ko layi ya yanke a daidai daƙiƙar da banki ya cire kuɗi. Kuɗi ya isa kamfani, amma makaranta ba ta ji ba. Ɗalibi ya je banki a ce masa kuɗi ya fita, ya je ofishin ma'aji a ce ba a gani ba. Da an gina shafin yana sauraron ɗan aiken kamfani, yana kuma tambaya da kansa lokaci zuwa lokaci, da rasit ya fito ko da wayar ta faɗa rijiya.

Aibi na biyu shi ne rashin duba adadi. Shafin da ya yarda da duk abin da wayar mai biya ta faɗa masa ya buɗe ƙofa ga mai wayo ya sauya Naira 50,000 zuwa 500, ya biya, ya karɓi cikakken rasit. Ƙa'ida ita ce saba ta kwatanta abin da kamfani ya ce an biya da abin da ke rubuce a kundinta kafin ta ba da komai. Akwai ma wani tarko na lissafi: Paystack na ƙirga kuɗi da kwabo ne, don haka Naira 5,000 ana rubuta ta 500000. Wanda ya manta sifili biyu ya sayar da kayan dubu biyar a kan Naira hamsin.

Na uku, maimaici. Idan saba ba ta amsa saƙon ɗan aike ba, kamfani zai yi ta sake aikowa, a tsarin Paystack har tsawon kwana uku. Wannan alheri ne, amma shafin da bai san ya riga ya karɓi saƙon ba zai iya rubuta biya ɗaya sau biyu, ko ya fitar da kaya sau biyu. Haka nan mai biyan da ya ga shafi ya tsaya yakan sake dannawa, a cire masa sau biyu. Maganin duka biyun shi ne lambar nan ta musamman: ciniki ɗaya, lamba ɗaya, rasit ɗaya.

Na huɗu, sakaci da mabuɗin sirri. Wanda ya same shi zai iya buga hatimin jabu, ya leƙa bayanan masu biya, a wasu lokuta ma ya ba da umarnin fitar da kuɗi. Rahoton NIBSS ya nuna cewa asarar da aka yi ta hanyar damfara a harkar biyan kuɗi ta tashi daga kimanin Naira biliyan 17.7 a 2023 zuwa sama da biliyan 52 a 2024. Ɓarawon zamani ba ya bukatar fasa tagar ofishin akanta.

Dokar CBN ta tanadi kariya ga mai biya. Tun Yunin 2020 bankin ya rage wa'adin warware matsalar cinikin POS da na intanet daga kwana biyar zuwa awa 72, kuma wanda bankinsa bai share masa hawaye cikin mako biyu ba yana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN. Sai dai wannan wa'adi ya shafi cinikin da ya faɗi ne. Idan kuɗi ya isa inda aka nufa, shafin hukuma ne kawai bai rubuta ba, banki ba shi da abin mayarwa. Gyaran yana hannun mai shafi.

Wa ke biyan lada?

Babu kamfanin da ke wannan aiki kyauta, kuma rigimar wa zai biya ta daɗe. A Nuwamban 2015 Majalisar Dattawa ta yi zazzafar muhawara a kan kashi ɗaya cikin ɗari da ake cira daga kuɗin da ke bi ta Remita, wanda ake rabawa tsakanin SystemSpecs, bankuna da CBN. Daga bisani aka sauya tsari, aka ɗora ladan a kan mai biya, ya zama Naira 150 da harajin VAT, wato Naira 161.25 tun da aka ɗaga VAT zuwa kashi 7.5 a 2020.

Ga ɗan kwangilar da zai biya miliyoyi, wannan ba komai ba ne. Amma idan aka ɗora irin wannan lada a kan kuɗin rumfa na Naira 200 a kasuwar Talata, ladan ya haura kashi 80 cikin ɗari na harajin kansa. Farashin Paystack na cikin gida ya bi wani salo dabam: kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin Naira 100, ana yafe ɗarin idan cinikin bai kai Naira 2,500 ba, kuma ladan ba ya wuce Naira 2,000 komai yawan kuɗin. Ke nan a kan Naira 2,000 za a cire 30, a kan 50,000 a cire 850, a kan cinikin shinkafa na miliyan biyu a cire 2,000 kawai. Dokar Kuɗi ta 2020 kuma ta ɗora harajin Naira 50 a kan turawar da ta kai Naira 10,000, aka faɗaɗa shi zuwa kamfanoni irin su OPay, PalmPay da Moniepoint a ƙarshen 2024. Mai amfani da USSD yana biyan Naira 6.98 a kowane zama, sannan a Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farashin kira da data.

Ma'anar wannan lissafi ga ƙaramar hukuma a bayyane take. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, ana sa ran kowace ta ƙara himma wajen tara nata kuɗin. Wadda ta kwafo tsarin da aka yi domin manyan kuɗi ta ɗora a kan mai tallan albasa za ta kori mutane su koma ga tsabar kuɗi da "sasantawa" da mai karɓa, abin da aka gudu tun farko. Hanya mafi dacewa ita ce a haɗa ƙananan kuɗi a biya na wata ko na zango, ko hukuma ta ɗauki ladan da kanta, ko a yi ciniki da kamfani a kan farashi na musamman.

Darasin 2021 da na 2023

Yankin nan ba saniyar ware ba ne a harkar Zamfara. Uku daga cikin gwamnonin jihar daga nan suka fito: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. A nan Madatsar Ruwa ta Bakolori take, wadda aka kammala a 1978, da dubban kadadar noman rani da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara suke, a Talata Mafara, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ɗalibai, manoman shinkafa, fatake da ma'aikata duk masu biyan kuɗi ne, kuma duk masu karɓa ne.

A nan ne kuma rashin tsaro ya yi ta'adi mai yawa a 2021: sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe a Fabrairu, harin Kwalejin Bakura a Agusta, da sace ɗalibai 73 a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun a ranar 1 ga Satumba. Kwana biyu bayan na ƙarshen aka katse layukan waya, bayan an riga an rufe kasuwannin mako. Umarnin farko na mako biyu ne, amma Gusau ba ta samu nata layin ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin mayar musu. Tsawon wannan lokaci na'urar POS ta zama ado, kuma mai son aika saƙo ko tura kuɗi sai ya tsallaka wata jiha.

A 2023 kuwa Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli a kan wa'adin daina karɓar tsoffin takardun Naira 200, 500 da 1,000. Kotun ta dakatar da wa'adin a ranar 8 ga Fabrairu, ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsoffin kuɗin su ci gaba da aiki. Wannan rikici ne ya tura ɗimbin ƙananan 'yan kasuwa buɗe asusu a kamfanonin kuɗi na waya, saboda su ne turawarsu ke wucewa lokacin da ta wasu manyan bankuna ke maƙalewa. Ko a ranar 14 ga Maris na 2024, tsinkewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta gurgunta ayyukan bankuna da dama a Najeriya, alhali ba ruwan Zamfara da teku.

Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na manyan 'yan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Shafin da aka gina bisa zaton kowa na da babbar waya, katin banki da adireshin imel ya ware kusan rabin mutanen yankin tun kafin a buɗe shi. Su ne ke ƙarewa a shagon intanet, inda mai shago ke cika musu fom da lambar wayarsa da imel ɗinsa, ya caji ladansa, rasit kuma ya tafi akwatinsa. Ran da rigima ta taso, mai biya ba shi da shaida ko ɗaya da sunansa.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan matsala sun yi mata tanadi. M-Pesa ta Kenya, tun 2007, a kan ƙaramar waya aka gina ta, sai daga baya kamfanin Safaricom ya buɗe wa masu haɗa manhaja ƙofa. Indiya, wadda ta ƙaddamar da tsarin UPI a 2016, ta fito da nau'insa na ƙananan wayoyi marasa intanet a 2022. A Najeriya ma kayan aikin suna nan: lambar RRR ana iya biyanta a reshen banki ko wajen wakili, kamfanonin karɓar kuɗi kuma suna da USSD da asusun wucin gadi. Abin da ya rage shi ne mai ba da kwangila ya nemi a kunna su, a kuma aika rasit ta gajeren saƙon waya, cikin Hausa, zuwa lambar mai biya.

Mabuɗi a hannun wa?

Ga ma'aikacin gwamnati da zai sa hannu a takardar kwangilar gina shafi, tambayoyin da suka fi muhimmanci ba na fasaha ba ne, na amana ne. Da sunan wa aka yi rajista da kamfanin karɓar kuɗi, hukuma ko ɗan kwangila? Wane asusu kuɗin ke sauka, kuma wa ke da ikon sauya shi? Idan asusun ɗan kwangila ne yake fara karɓa kafin ya miƙa wa gwamnati, to an dawo gidan jiya, an dai sauya wa mai jakar haraji riga ne kawai. Tsarin lasisin da CBN ya fitar a Disamban 2020 ya bambanta kamfanin da aikinsa wuce da kuɗi ne da wanda aka yarda ya riƙe kuɗin jama'a, kuma bankin na wallafa sunayen masu lasisi. Duba wannan jeri aikin minti kaɗan ne.

Sai batun ranar rabuwa. Idan kwangila ta ƙare, ko gwamnati ta sauya, wa ke riƙe da rubutun manhajar, da sunan shafin, da kundin bayanan masu biya? Hukumar da ba ta rubuta wannan a yarjejeniya ba za ta wayi gari tana roƙon abin da yake nata. Ya kamata kuma a sauya mabuɗin sirri duk lokacin da wani mai riƙe da shi ya bar aiki, kamar yadda ake sauya kwaɗon sito idan an sallami mai gadi.

Akwai kuma daidaita lissafi. Kamfanoni kan zuba kuɗin ciniki a asusun mai shafi washegarin ranar aiki, a dunƙule, bayan cire lada. Dole wani a ofishin akanta ya riƙa kwatanta abu uku a kullum: abin da shafi ya ce an biya, abin da kamfani ya ce ya karɓa, da abin da ya sauka a banki. Inda ba a yin wannan, ɓarna kan yi watanni ba a gano ba. Masu binciken kuɗi na jiha da na ƙananan hukumomi suna bukatar a ba su damar leƙa allon kamfanin kai tsaye, maimakon jiran takardar da wanda ake bincika ya buga musu.

Na ƙarshe, sirrin jama'a. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su. A yankin da ake sace mutum domin kuɗin fansa, jerin sunaye da lambobin waya da adadin kuɗin da kowane ɗan kasuwa ke biya ba ƙaramin makami ba ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Shafi bai kamata ya ajiye lambar katin kowa ba, wannan aikin kamfanin da aka tantance ne, kuma bai kamata ya nemi bayanin da ba ya bukata ba.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Ba kowane mai kanti ke bukatar shafi ba. Kamfanonin nan suna ba da mahaɗin biya da za a iya turawa ta WhatsApp ba tare da an rubuta layin manhaja ko ɗaya ba, kuma ga mafi yawan dillalai wannan ya wadatar. Wanda cinikinsa ya kai ya gina shafi kuwa, ya yi rajistar da sunan kasuwancinsa da lambar wayarsa, ya riƙe kalmar sirri da kansa, sannan kafin ya biya mai haɗa manhaja cikon kuɗinsa ya nemi gwaji ɗaya a gabansa: a fara biya, a kashe data a tsakiya, a ga ko rasit zai fito. Kuma kada kaya su bar shago saboda hoton alat da aka nuna a waya. Shaida ita ce abin da ya bayyana a asusunsa ko a allon kamfanin.

Gwamna Dauda Lawal, wanda ya hau mulki a Mayun 2023, tsohon babban darakta ne a First Bank, don haka harkar ba baƙuwa ba ce a Gidan Gwamnatin Gusau. Jihar na da damar tsara ƙa'ida ɗaya da kowace ma'aikata, makaranta da ƙaramar hukuma za ta bi kafin ta buɗe shafin karɓar kuɗi: asusu da sunan gwamnati, hanyar biya fiye da ɗaya, rasit ta saƙon waya, ofishin koke mai wa'adi, da rubutaccen tanadi na abin da za a yi ran da layi ya ɗauke, ciki har da ɗage wa'adin biya ba tare da tara ba. Ɗaliban kwamfuta na Talata Mafara za su iya wannan aiki idan aka horar da su aka kuma ba su dama, kuma sun fi kowa sanin inda sabis ke yankewa tsakanin Morai da Maradun. A wurarensu ya kamata a riƙa gwada kowane sabon shafi kafin a tilasta wa jama'a amfani da shi.